Sabon Kati da Wayar Daro a Shagon Katifa

Assalamu alaikum Malam mai filin shawara. Don Allah ka agaza mini tun kafin labarina ya tashi daga shafinka ya koma shafin farko na jaridarku, har da hoto.

Amma bari in fara da godiya, kada a ce ban san alheri ba. Allah Ya yi mini baiwa da ƙanin mata. Ba irin wanda ke sallama daidai lokacin sauke tukunya ba ne, a'a, wannan Injiniya ne. Takardar dai ban taɓa gani ba, amma bakinsa ya ci jarrabawa tuntuni. Yana da kwamfuta mai bangon gilashi, cikinta fitilu ja da kore suna bin juna, fankoki na juyawa kamar za ta tashi sama da mu. In ka tsaya gabanta sai ka ji kunyar salular da ke aljihunka. Ga shi da haƙuri irin na waliyyai: tun bara yake zaman jiran wani sabon kati na kwamfuta da za a fito da shi, bai gaji ba, bai kuma bar mu mun huta da labarinsa ba. Duk wannan albarka, Malam, a cikin shagona take zaune. Ni kuwa katifa nake sayarwa.

Katifa, filo, da fallen soso na masu yin kujeru. Shagon dogo ne mai ƙofa ɗaya, kaya jingine hagu da dama har rufi, kowace katifa cikin ledarta. Can ƙuryar ciki, inda a da nake tara yankakken soso, nan maiɗakina ta roƙe ni in ba ƙaninta ya ajiye teburi kafin ya samu wurinsa. Surukata ta aiko da godiya tun ban amsa ba, ka ga magana ta ƙare. Wannan "kafin" ɗin yanzu ya yi gemu.

Gaskiya yana aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yana haɗa wa 'yan kasuwa bidiyon talla, yana kuma zana gidan da ba a ko haƙa tushensa ba, har mai gida ya shiga falo ya leƙa kicin a cikin allo. Wai katin girafik ne ke yin wannan zanen, wani ƙarfe mai fankoki da ke cikin kwamfutar, kuma shi ne ya fi kowa cin wuta a gidan. Matsalar, in an gama tsara aiki sai an bar injin ya yi ta nuƙurƙusarsa na awoyi. Shi yana da sunan da yake kiran abin, ni dahuwa nake ce masa. To Injiniya ya saba ɗora dahuwarsa daidai lokacin tashi, mu ja ƙofa, mu sa kwaɗo, mu tafi gida mu bar ta tana huci ita da katifuna.

Kwanakin baya da rana tsaka ina ciniki da wata baiwar Allah, mun kusa daidaitawa, sai na ga ta ɗaga hanci tana shinshina. Ta tambaye ni wai ko katifar kwance ce, wato ta hannu, don tana jin warin ƙonanniyar roba. Na buɗe baki zan rantse mata, sai warin ya shigar mini har maƙogwaro. Malam, ban san lokacin da na tsallake katifa biyu ba. Injiniya ya fita cin abinci, injin na ta aikinsa, fitilu na rawa kamar ba abin da ya faru. Na fizge fulogi daga bango. Da na waiwayo, mai ciniki ta yi gaba, ko sai an jima babu.

Ya dawo ya tarar na kashe masa aikin yini guda, ya hau ni da faɗa. Na ce ya buɗe gilashin. Da ya buɗe, kan wayar da ke shiga katin ya yi ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya narke ya zubo kamar kyandir, har sai da ya sa filaya kafin ya rabu. Na taɓa, ya ƙona mini yatsa. Tsakanin wannan wuri da ledar katifa mafi kusa, bai fi tsawon hannuna ba.

Ka san abin da ya ce? Wai tsohon katin ne ya gaji, shi ya sa yake zafi, kuma wannan ma hujja ce cewa lokacin sabo ya yi. Wai sabon zai gama aikin awa uku kafin shayi ya huce. Na tambayi kuɗinsa, ya ce ba a faɗa ba tukuna, amma masu hasashe sun ce zai kai na babur mai lafiya. Na tambayi cin wutarsa, sai ya yi murmushi irin na mai shirin auren 'yar masu kuɗi, ya ce ai ya fi wannan ci nesa ba kusa ba. Da alfahari ya faɗa! Har ya nuna mini hotunan mutanen wasu ƙasashe da kan wayarsu ya narke a jikin irin waɗannan manyan katuna, yana dariya wai ba su iya cusawa ba ne. Ni ban ga abin dariya ba. Hotunan nan da abin da ke kan teburinsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Yanzu ga inda babbar matsalar take. Akwai wani akwatin ƙarfe a cikin kwamfutar da suke kira fawa, shi ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa kowa ta wayoyi. Tunda katin zai cinye duk abin da ya tara, Injiniya ya yanke shawarar ba zai sayi sabon fawa ba, tsohon zai ci gaba da gashi. Wayar da sabon katin ke buƙata kuwa, har ya samo ta. A ina? A daro.

Watakila ba ka san daro ba. A layin masu tsoffin kayan kwamfuta akwai wani dattijo da ke da ƙaton daro cike da baƙaƙen wayoyi, a cukurkuɗe kamar macizai, an tsinto su daga injinan da suka riga mu gidan gaskiya. Ƙa'idar wurin ɗaya ce: ka zo da naka, ka tsuguna, ka yi ta gwada kawuna, wanda ya shige ramin shi ne naka. Ba rasit, ba dawowa. Ni ɗan kasuwa ne, ban raina wannan ƙa'ida ba, da ita muke sayen murfin tukunya da cajar salula. Ashe ita ma wadda ta narke daga nan ta fito, don ta asalin ta ɓata wajen kwashe kaya. Wadda ya maye gurbinta da ita, da injin ke aiki a kanta yanzu haka da nake rubuta maka, daga daro. Ta sabon katin kuma, wata mai kawuna da yawa da suka taru suka zama ɗan ƙaramin kai guda, ita ma daro. In na yi magana sai ya ce waya ai waya ce, tunda ta shiga ta zauna.

Ban san wuta ba, Malam, iyakata canja ƙwan fitila. Amma na san katifa biyu kan sa riga iri ɗaya, ɗaya soso ne na gaske, ɗaya tarkace aka cusa aka ɗinke. Shin waya ba ta da irin wannan hali? Ga kuma gilashin nan. Tun yanzu ba ya rufuwa sai ya lanƙwasa wayar ya danna da gwiwa. Na ce ya bar shi a buɗe mana, ya ce kwastoma ba sa biyan kuɗi mai kyau in suka ga inji tsirara. Sabon katin kuwa an ce ya fi wannan faɗi. Da me zai danna shi, da mota?

Na taɓa ganin soso na ci da wuta. Shekarun baya ne, a wani layi ba namu ba. Ba ya ci kamar itace a ba ka lokacin neman bokiti. Baƙin hayaƙi ne ke fara cika wuri, sai ya narke ya riƙa ɗiga yana gudana da wutarsa a ƙasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani mai shago da na gani zaune a bakin kwata bayan an kashe, riƙe da makullansa yana jujjuya su, alhali babu sauran ƙofar da za su buɗe. Mu kuwa a layinmu rufi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, silin na falanki. Hagu da ni mai fenti ne, dama mai labule. In ta tashi a wurina, ba ni kaɗai zan zauna a bakin kwata ba, kuma kowa zai san daga ƙofar wa ta fito.

Tun ranar nan ban sake zama daidai ba. Ina rufe shago in yi nisa, sai in dawo in ɗora tafin hannu a ƙofar ƙarfe in ji ko ta yi ɗumi. In mai gasa masara ya hura garwashi a bakin titi, gabana ya faɗi. A gida in yi ta shinshina iska har ƙaramar 'yata ta fara kwaikwayona a gaban baƙi. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Salula ta yi ƙara, kafin in duba sunan na riga na ga hayaƙi.

Na yi ƙoƙarin magana. Amma ka san tsakanin mutum da ƙanin matarsa, komai wasa ne. Shi Sarkin Barci yake kirana, ni in ce masa Injiniya ba takarda. Da na ɗaure fuska na ce abin nan zai kashe mu, sai ya ƙyalƙyale, wai mai sayar da barci ya rasa na kansa. Na kai wa maiɗakina maganar, ta ce dama ta lura tun da kasuwa ta buɗe nake hararar ƙuryar nan, in wurin nake so in fito fili in faɗa, ba sai na ƙirƙiro gobara ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙuryar za ta ɗauki kaya masu kyau. Amma wallahi ba wannan ke hana ni cin abinci ba. Surukata kuwa, ko ido ba na iya haɗawa da ita, ga shi duk inda ta zauna labarin ɗanta mai zana gidaje take yi. Ta yaya zan buɗe baki in ce ya kwashe?

An ce katin ya kusa fitowa, kuma wani abokinsa da ke tafiye-tafiye ya yi alkawarin kawo masa na sahun farko. Ka faɗa mini gaskiya. Sabon katin nan ya cancanci wannan ɗoki? 'Yar waya guda za ta iya cinye layi, ko tsoro ne ya mayar da ni yaro? In kuma ina da gaskiya, ta wace ƙofa zan shiga in tsira da shagona ba tare da na rasa gidana ba?

Naka cikin fargaba,
Mai Katifa

Wa alaikumus salam Mai Katifa.

Ba tsoro ne ya mayar da kai yaro ba. Roba ba ta narkewa don nishaɗi, kuma warin da ka ji gargaɗi ne da ba kowa ke samu ba. Saboda haka kafin mu je ga suruka da sabon kati, ga na yau: injin nan kada ya sake aiki a kan wayar daro, kuma kada ya sake zama a kunne bayan an sa kwaɗo. Wannan ba ya jiran kowa ya yarda. Shagonka ne, makulli a hannunka yake.

Zarginka a kan waya daidai ne. Wayoyin da ake cirewa a mayar a jikin fawa ba lalle tsarinsu ya zama ɗaya ba daga wani kamfani zuwa wani, kai wani lokaci ko a kamfani ɗaya. Kan waya na iya shiga rami daram, amma silin wayoyin da ke ciki suna jere daban, sai wuta ta bi inda ba a aike ta ba, ta kashe kati nan take. In an yi sa'a jerin ya dace, saura kauri: siririyar waya ko tsohuwa da bakinta ya saki, in aka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, zafi take yi a hankali har ta narke. Tsufan kati ba shi ne abin fara zargi ba. An fi samun irin wannan daga waya mara kyau, ko kan da bai shige har ƙarshe ba, ko lanƙwasa ta dab da bakinta. Ƙanin matarka ya haɗa aƙalla biyu, da daro da gwiwa. Ya kai injin wurin ƙwararren mai gyara a duba ramin katin ma, don wutar da ta narkar da kan waya ba ta cika barin rami lafiya ba.

Sai dai kada ka mayar da shi mahaukaci. Mai irin sana'arsa lokaci yake sayarwa, kuma katin da ke rage awoyin dahuwa, kamar yadda ka kira ta, na iya mayar da kuɗinsa. Hasali ma in aiki na ƙarewa da rana, buƙatar barin inji shi kaɗai za ta ragu, ka ga kai ma ka ci riba. Kuskurensa a lissafi ne. Kuɗin babban kati ba na katin kaɗai ba ne. A ciki akwai fawa mai ƙarfin ɗaukarsa da rara, wanda ya zo da wayarsa ta asali a kwali, akwai kuma gidan kwamfuta mai faɗin da waya za ta fito a miƙe kafin ta karkata. Wanda kuɗinsa bai kai waɗannan ba, bai kai na katin ba tukuna. Na ƙasa da shi, ko na bara da farashinsa kan sauko in sabo ya fito, sau da yawa ya ishi aikin talla da zanen gida, ga ƙarancin cin wuta. Sahun farko kuwa ya fi tsada, kuma a jikin masu shi ake gano aibin kaya. Ya bari waɗanda ke irin aikinsa su gwada su faɗi abin da suka gani. Wanda ya yi jiran shekara ba zai mutu don ƙarin 'yan watanni ba. In ya saya, ya cusa kan wayar har ya ji ta kama, ya haska fitila ya tabbata babu rata, ya kuma riƙa dubawa lokaci-lokaci.

Yanzu kai. Ka iya ba da labari, na yi dariya, amma a nan ciwon yake. Ka lulluɓe tsoronka da barkwanci har mutanen gidanka sun kasa gane shi. Ka kira ƙanin matarka wani wuri da ba shago ba, ka kira shi da sunansa na yanka, ka ce yau ba wasa. Ka fara da abin da ya fi so: waya mai arha za ta iya kashe masa katin da ya shekara yana tara wa kuɗi, cikin ƙiftawar ido, kuma ba mai biyansa. Wanda bai ji tsoron gobararka ba zai ji tsoron wannan.

Maiɗakinka kuma ba ta yi ƙarya ba, kai ma ka amsa kana son ƙuryar. To ka cire wannan daga tsakani. Ka ce mata ko ya tashi ba za ka sa kaya a wurin ba sai ya zauna da ƙafafunsa a wani wuri, kuma kai za ka taya shi nema. Sannan ka sa mata narkakken kan wayar a tafin hannu, ka tuna mata ƙaninta ne ke zama a ƙuryar da ta fi nisa da ƙofa. Ita za ta san yadda za ta kai wa mahaifiyarta, ba sai ka haɗa ido da kowa ba. Surukarka tana alfahari da ɗanta, amma ta fi son ta gan shi ya dawo gida.

Na ce wani wuri, domin gaskiyar ita ce ko da waya mafi kyau a duniya, injin da ke huci awoyi ba maƙwabcin soso ba ne. Kafin a samu ɗaki, ka janye katifu nesa da teburin, a ba injin soket nasa na bango wanda mai gyaran wuta ya duba, ba jerin ekstenshan ba. Ka rataya na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi, ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa, ka koyi buɗe ta. Mai sayar da soso ya kamata ya mallaki waɗannan tun kafin ya yi ƙanin mata.

Za a ɗan yi fushi da kai, watakila a daina kiranka Sarkin Barci na wani lokaci. Fushin dangi yana hucewa. Allah Ya tsare ku da dukiyarku, Ya buɗa wa Injiniya, Ya dawo maka da ɗanɗanon abinci.

Saura tambaya ɗaya, kai da duk mai karatu da ke kwana da irin wannan a ransa don kunya. Da a shagon da ke jikin naka aka samu wayar nan ta narke, za ka so mai shagon ya rubuto mini wasiƙa ya zauna jiran ranar da jarida za ta fito?